Milan ɗin Romeo da Milan ɗin da na tarar

Duk wanda ya tashi a Kano a farkon shekarun 2000 a gidan da ke da satalayit, ko a maƙwabtaka da irin wannan gida, ya san tashar Spacetoon. Mu a gidan kawunmu da ke Fagge muke kallonta. Da an taso daga Islamiyya sai mu cika falo, manya a kan kujera, mu ƙanana a kan leda, kowa na addu'ar kada a ɗauke wuta. Katun ɗin da ya fi shiga ranmu shi ne wanda Larabawa suka sa wa suna Ahdul Asdiƙa, wanda aka juya zuwa Larabci a Dimashƙa. Ɗan Larabcin da muka tsinta a makaranta bai isa mu ji komai ba, don haka Yaya ce ke yi mana tafinta. Idan wuri ya yi zafi sai ta manta da mu, ta tallafe haɓa, mu yi ta zungurinta muna cewa, "Yaya, me ya ce?"

Labarin wani yaro ne, Romeo, ɗan shekara 11, a ƙauyen Sonogno da ke cikin duwatsun kudancin Suwizalan. Wani mai fataucin yara, Luini, ya zo ƙauyen yana neman waɗanda zai kai Milan aikin sharar bututun hayaƙi. Da mahaifin ya ƙi, sai mutumin ya banka wa gonarsu wuta. Uban ya ji ciwo wajen kashe gobarar, babu kuɗin likita, sai yaron ya miƙa kansa. A hanya ya haɗu da Alfredo, kwale-kwalensu ya kife a tafkin Maggiore, suka tsira, aka kai su Milan aka sayar da kowanne ga ubangida daban. A can suka haɗa kan 'yan'uwansu masu shara, suka kafa ƙungiyar da suka kira Baƙaƙen 'Yan'uwa, saboda kunkunniyar da ta rine musu fuska. Daga baya tarin fuka ya kashe Alfredo. Ranar da aka nuna wannan kashi, tuwon dare ya kwana a kwano a gidanmu.

Sai da na girma na san cewa aikin mutanen Japan ne. Kamfanin Nippon Animation ne ya yi shi a 1995, kashi 33, cikin jerin da suka ɗauki shekaru suna yi daga littattafan yara na ƙasashen Yamma. Masu zane a Tokyo sun zana Italiya ta ƙarni na 19, masu murya a Siriya sun ba ta harshe, yaran Fagge kuma suka yi mata kuka. Har yau ban daina mamakin wannan tafiya ba.

Karatu ne ya kawo ni Milan, a ƙarshen damina ta can gida. Abin da ya fara tarbata takardu ne. Cikin kwana takwas na aiki da saukarka dole ka nemi izinin zama. Za ka je gidan waya ka karɓi wani ambulan mai ratsin ruwan ɗorawa, ka cike, ka biya, a ba ka rasit da ranar da za ka je a ɗauki zanen yatsunka. Wannan rasit shi ne shaidarka har katin ya fito, saboda haka na naɗe shi a leda ina yawo da shi a aljihun ƙirji. Sai lambar haraji, wadda suke kira codice fiscale, mai haruffa da lambobi 16. Ba ka kama ɗaki, ba ka buɗe asusun banki, ba ka sa hannu a kwantiragin aiki sai da ita.

Na samu gado, ba ɗaki ba, a wani gida da ke kusa da titin Padova, inda za ka ji Larabcin Masar, da Sifaniyancin Peru, da harshen Bangaladash a tsakanin shago uku. Sanyi ya shigo da wani irin hazo mai jiƙa kaya, wanda ba ya kama da na hunturunmu ko kaɗan. A ƙa'ida daga tsakiyar Oktoba ake kunna ɗumama gidaje a Milan, zuwa tsakiyar Afrilu, kuma ruwan zafi ne ke zagayawa ta cikin ƙarafan da ke jikin bango. Duk da haka, idan na hau taram na zauna gefen taga, idona kan tafi kan rufin tsofaffin gidaje, inda bututun hayaƙi ke jere har yanzu. Birnin da na sani a talabijin yana nan, da babbar cocin Duomo da tsinayenta, sai dai ni ne yanzu baƙon da ba ya jin abin da ake faɗa, kuma babu Yaya a kusa.

Doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 20 a mako. Na sayi tsohon keke na fara kai abinci gida-gida. A bakin gidajen abinci, inda muke tsayuwa jiran oda, na gane yadda abin yake tafiya. Yawancin masu keken baƙi ne: 'yan Fakistan, 'yan Gambiya, 'yan Gini, 'yan Najeriya. Wanda takardarsa ba ta fito ba, ba zai iya buɗe asusu a manhajar kamfanin kai abinci ba, sai ya yi hayar asusun wani. Shi zai tuƙa cikin ruwan sama har tsakar dare, kuɗin ya faɗa wa mai asusun, ya yanki nasa, ya miƙo abin da ya ga dama. Wannan ba zancen bakin titi kaɗai ba ne. A watan Mayun 2020 kotun Milan ta sa reshen wani babban kamfanin kai abinci ƙarƙashin kulawarta, bayan bincike ya nuna cewa 'yan tsakiya na ɗaukar masu neman mafaka suna biyansu yuro 3 a kan kowace oda. Da na karanta labarin, sunan Luini ne ya faɗo mini. Shi ma ai ba ya sharar bututu. Dillali ne, ya san inda yunwa take, ya san inda ake neman ƙananan hannaye.

A masallacin Juma'a na haɗu da wani dattijo ɗan zangon Kumasi, wanda ya fi shekara ashirin a ƙasar. Ya ji ina waya da Hausa, ya jira na gama, sannan ya ce, "Yaro, ɗan wane gari ne kai?" Na rusuna na gaishe shi. Ya tambaye ni inda nake kwana, da abin da nake ci, da ko ina da rigar sanyi ta kirki. Ya taɓa hannun rigata ya girgiza kai. "Wannan ba za ta kai ka Janairu ba. Ka zo gida ran Lahadi."

A gidansa na tarar da abin da ya riƙe ni a ƙasar nan. Hausawa ne na Ghana, da na Nijar, da mu 'yan Najeriya kaɗan, har da wani ɗan Garwa. Ana taruwa duk wata, Hajiya ta dafa wake da shinkafa da yaji, a zuba adashi, a ware wani abu a asusun ko-ta-kwana. Daga asusun nan ake biyan lauya idan takardar wani ta maƙale, a sayi magani, a kai gawa gida idan ta Allah ta kasance. Baba yana da littafi mai baƙin bango da yake rubuta komai da biro, kuma ba ya rufe taro sai ya kira sunan duk wanda bai zo ba, an faɗi dalili. Idan babu wanda ya san dalilin, sai ya tura mutum biyu su je su dubo. Zumunci a ƙafa yake, in ji shi, ba a waya ba. Yaran Romeo ma abin da suka yi ke nan: ba su da ƙarfin ubangida, ba su da iyaye a kusa, sai suka zama dangin juna. Ina ganin wannan ne ya sa katun ɗin bai tsufa a zuciyata ba kamar sauran.

Wani Satumba na hau jirgin ƙasa zuwa Domodossola, daga nan na canja zuwa ƙaramin jirgin da ke ratsa kwarin Vigezzo, na sauka a Santa Maria Maggiore. A garin akwai gidan tarihi na masu sharar bututu, kuma duk farkon Satumba masu wannan sana'a daga ƙasashe da dama kan taru su yi jerin gwano da baƙaƙen kaya da dogayen huluna. Waje ana kiɗa ana ɗaukar hoto. Ciki kuwa, na daɗe a gaban kayan aikin yaran: ƙaramin ƙarfen kankara, da buhun da ake rufa wa yaro a ka don kada kunkunniya ta shaƙe shi. Yara ne 'yan shekara shida, bakwai, takwas, daga kwarurrukan nan na Italiya da na yankin Ticino a kudancin Suwizalan, da iyaye ke bayarwa haya daga kaka zuwa bazara. Yaro zai shiga ta murhu, ya dogara da gwiwa da gwiwar hannu da baya, yana hawa yana kankara a cikin duhu. Idan ya kai sama sai ya fito da hannu ya ƙwala kira, don mai gida ya tabbatar an share har ƙarshe. Ana barinsu da yunwa da gangan, saboda yaron da ya yi ƙiba ba zai shiga bututu ba. Katun ɗin da ya hana mu cin tuwo ashe ya tausasa labarin ne.

Littafin da aka ɗauko labarin daga ciki ma na 'yan gudun hijira ne. Lisa Tetzner da mijinta Kurt Kläber sun gudu daga Jamus a 1933, suka zauna a Carona da ke Ticino. Tare suka yi aikin, amma ya fito a farkon shekarun 1940 da sunan matar kaɗai, domin ba a ba mijin izinin wallafa rubutu a Suwizalan ba. Wato shi ma da asusun wani ya yi aiki.

A jirgin dawowa na kira Yaya. Na ce mata ƙauyen Romeo na gaskiya ne, yana ƙarshen kwarin Verzasca, ana zuwa da bas daga Locarno. Ta yi salati, ta tambayi ko na ga kabarin Alfredo, na tuna mata cewa shi ƙirƙirarsa aka yi. Sai na ba ta labarin buhun da ƙarfen. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ƙanena, ai ba sai ka je Turai ba. Jiya dillaliya ta shigo layinmu da yara mata uku daga ƙauye, babbar cikinsu ba ta fi goma ba." Gaskiya ta faɗa. Iyaye su karɓi kuɗin wata, dillaliya ta cire nata, yarinya ta tashi da asuba tana wanke-wanke a gidan da ba ta san kowa ba. Mutanen kwarin Vigezzo sun kai nasu gidan tarihi bayan makarantar dole da dokokin hana aikin yara sun kawo ƙarshensa. Namu yana tafiya a kan titi, kuma muna kiransa taimako.

A taron watan da ya biyo baya, Baba ya kawo maganar wani yaro ɗan Damagaram da ya shigo ta teku, bai cika ashirin ba, yana tuƙa keke da asusun haya, mai asusun ya riƙe masa kuɗin mako uku. Aka yanke cewa za a biya masa kuɗin gado daga asusun ko-ta-kwana har takardarsa ta fito, mutum biyu daga cikin manya su je su sami mai asusun. Ni kuma aka ɗora mini raka shi makarantar manya ta gwamnati ya yi rajistar koyon Italiyanci, tunda na san ajin da malamar. Ranar Litinin da safe muka haɗu a tashar Loreto, na kai masa rigar sanyin da Baba ya ba ni, muka wuce.