Lahadi: gidan da ke jikin garun Yariko

Yau ni ke da yara a makarantar Lahadi, darasinmu Littafin Joshuwa sura 6, labarin faɗuwar garun birnin Yariko. Na haɗa benci huɗu a tsakiyar aji na ce ga Yariko nan. Bakwai suka zama firistoci, kowa ya naɗe takarda wai ƙahon rago, biyu suka ɗauki kwalin alli a matsayin akwatin alkawari. Zagaye ɗaya-ɗaya kwana shida, ran na bakwai sau bakwai. Shirun ne ya gagara. Joshuwa ya hana jama'arsa ko uffan sai ranar ihu, nawa kuwa ba su kai zagaye biyu ba aka fara ƙyalƙyala. Da aka zo ihun, har Fasto sai da ya leƙo.

Muna mayar da benci wata 'yar shekara tara ta ce, "Malama, ba kin ce gidan Rahab a jikin garun yake ba? To da ya zube, ita fa?"

Na yi tsuru-tsuru. Shekara nawa ina karanta wurin nan ban taɓa haɗa biyun ba. A sura 2 ta tagar gidan Rahab ta zurara 'yan leƙen asirin Joshuwa da igiya, suka ce ta ɗaura jan zare a tagar a matsayin alama. A sura 6, bayan garu ya faɗi, su ɗin aka aika cikin gidan suka fito da ita da iyayenta da 'yan'uwanta. Na ce mu bari sai mako mai zuwa.

Da za ni gida adaidaita ya bi ta Ƙofar Doka, ina kallon ragowar ganuwar Zazzau da ruwan sama ya zaizaye. Mun saba a wa'azi garun Yariko shi ne bashi, ciwo, rashin haihuwa: a yi ihu ya rushe. Ni ma na sha wannan addu'ar. Amma ashe a jikinsa wata take kwana, Bakan'aniya, karuwa kuma, wadda Matiyu ya lissafa cikin kakannin Yesu. Ibraniyawa 11 ma bai raba su ba, aya 30 garun, aya 31 ita.

Da dare maigida ya kawo zancen Kathleen Kenyon, masaniyar binciken kayan tarihi wadda ta haƙa tudun tsohon Yariko daga 1952 zuwa 1958 ta ce birnin ya rushe tun wajen 1550 kafin haihuwar Almasihu, kafin lokacin da aka saba sa Joshuwa. Na ce ya bari na gama da tambayar yarinya tukuna.

Gobe zan biya kasuwar Tudun Wada in sayo jan zare, na ɗaurawa a taga.