Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Minti Ɗaya Cur

Makon jiya na tsaya a inda makarantar koyon aikin lafiya ta tura mu aikin koyo, mu huɗu, wani asibitin sha-ka-tafi da ke bayan garinmu. Teburin bakin ƙofa aka ba ni. Duk wanda ya yanki kati sai ya zauna a gabana na auna zafin jikinsa, bugun jijiyarsa, numfashinsa da jininsa kafin ya shiga wurin Sista.

Lambobin tun a aji na haddace su. Zafin jiki 36.5 zuwa 37.5. Bugun babban mutum 60 zuwa 100 a minti, kuma ba a ɗora babban yatsa a jijiyar, don shi ma yana da nasa bugun. Awon jini in ya kai 140 bisa 90, aka maimaita bai sauka ba, an shiga maganar hawan jini. Waɗannan ukun tsakani da Allah nake yin su. Numfashi ne matsalar, don shi ba na'urar da za ta faɗa maka, daga ido sai agogo. Ga shi ranar kasuwa layi yakan kai har gindin darbejiya. Na ga waɗanda suka riga ni suna rubuta wa kowa 20, tunda na babba 12 zuwa 20 ne, ni ma sai na bi sahu.

Wata ranar Laraba Sista ta fito da katuna a hannu, ta baje su a gabana.

"'Yata, mutum goma sha ɗaya, kowa 20. Kin ƙirga kuwa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ban ƙirga ba, Sista."

Ba ta ɗaga murya ba. Kujera ta jawo, ta kama hannun wani dattijo, ta gama ƙirga bugunsa amma ba ta ɗauke yatsunta ba, idonta kawai ya koma kan ƙirjinsa. Bayan ya tashi ta ce in mutum ya san ana kallon numfashinsa zai sauya shi ba da saninsa ba, shi ya sa ake barin hannu a wurin. Har yau haka nake yi, haka kuma nake koya wa duk ɗalibar da aka kawo mini.

Ba a yi kwana goma ba, cikin tsakiyar hunturu, wata yarinya ta shigo da goyon wata bakwai, surukarta na biye da ita. Tsohuwar ce ta yi magana: "Malama, haƙori ne yake fitarwa, maganin zazzaɓi kawai za ki ba mu." Na saka masa ma'auni a hammata, ya nuna 37.8. Da a da ne, da na wuce da su haka nan.

Na ce wa uwar ta rungume shi har ya bar kuka, don kuka yana ɓata lissafi. Na ɗaga 'yar rigarsa, na ajiye agogo kusa da cikinsa. Jariri yakan yi numfashi da sauri ya ɗan tsaya ya ci gaba, saboda haka ba a ƙirga rabin minti a ninka, sai an cika mintin. Na samu 58. Na sake, 57. Yaron da ke tsakanin wata 2 da wata 12, in numfashinsa ya kai 50 a minti, ana zargin nimoniya, wato ciwon huhu. Sannan na lura duk lokacin da ya ja iska, ƙasan haƙarƙarinsa sai ya lotsa ciki. Na tambayi uwar yaushe rabonsa da nono. A hankali ta ce, "Tun daren jiya ya ƙi kamawa."

Katin na ɗauka na shiga ba tare da jiran layi ba. Sista ta ƙirga da kanta, ta yi masa allurar farko, ta rubuta takardar tura su babban asibiti, ta ce yau ɗin nan, kada su kwana.

Tsohuwar ta gyara mayafinta ta ce, "Uban yaron yana Legas, ba inda za mu je sai da izininsa."

Yadda muka kwashe da ita, da wayar da aka yi ta bugawa har la'asar, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.