Yadda na zaɓi kayan kwamfutar gem da nake so ta daɗe tana min aiki

Da na tashi haɗa kwamfutar gem ɗina burina ɗaya ne, ta kai ni shekaru ba tare da na sake kwance ta gaba ɗaya ba. Shi ya sa na raba kayan gida biyu, masu saurin tsufa da masu zama. Katin girafik, wato abin da ke zana hoton gem a allo, ko na ƙarshe a kasuwa ka saya, bayan ƴan shekaru sai an wuce shi, amma fawa sufulai (abin da ke raba wa kayan wuta) da kes (akwatin da kayan ke ciki) da abin sanyaya firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) in ka dace da masu kyau kati biyu ko uku za su zo su tafi suna nan daram, kuma abin haushi nan ne mutane suka fi matse hannu.

Soket na fara dubawa, wato mazaunin firosesa a kan madabod, babban allon da ake jona dukkan kayan a kai. Kamfanin AMD sun fito da soket ɗin AM4 a 2016, kuma da yawa daga waɗanda suka sayi bod tun zamanin firosesan Ryzen na farko a 2017 sun iya ɗora Ryzen 7 5800X3D na 2022 a kai, BIOS, wato manhajar da ke cikin bod ɗin, kawai suka sabunta. Wannan ya burge ni sosai gaskiya. AM5 ya zo a 2022 kuma sun ce za su riƙe shi har 2027 aƙalla, su kuwa Intel soket ɗinsu LGA1700 na 2021 tuni LGA1851 ya gaje shi a 2024. To sai na tafi AM5 na ɗauki Ryzen 7 9800X3D, koa 8 ne kawai (sassan da ke yin lissafi a cikin firosesa) amma yana da kash na L3, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikinsa, har megabait 96, kuma gem ya fi jin daɗin wannan kash ɗin a kan tarin koa da ba zai taɓa su ba. Bod kuwa matsakaici na saya mai isassun ramukan M.2 (inda ake sa SSD, ma'ajiyar gem da fayiloli), ban ga dalilin zuba kuɗi a kan fitilu da ado ba.

A katin girafik abin da na koya shi ne ka kalli memorinsa kafin komai. Duba GTX 1080 Ti na 2017, giga 11 gare shi a lokacin da ake ganin hakan ya yi yawa, kuma yana cikin abin da ya sa mutane suka daɗe suna morarsa. Yanzu katin giga 8 in ka ɗaga ingancin hoto a wasu sababbin gem sai ka ga yana sarƙewa alhali ƙarfin cif ɗin bai ƙare ba, wurin ajiya ne ya cika. Ni a ingancin hoto na 1440p nake bugawa don haka na tsaya a giga 16. Na kalli RTX 5090 mai giga 32, kaya ne ba ƙarya, amma wat 575 yake ja shi kaɗai, kuma duk wutar nan zafi take komawa a cikin kes da ɗakin da kake zaune.

Fawa sufulai kam nan na fi ɓata lokaci, don shi ne in ya lalace yake iya tafiya da sauran kayan. Na ɗauki mai wat 1000, ƙirar ATX 3.1, mai tambarin 80 Plus Gold na rashin ɓarnar wuta da garantin shekara 10, ba don kwamfutar tana shan haka yanzu ba, saboda katin da zan sa nan gaba ne, kuma manyan katuna kan fizgi wuta farat ɗaya cikin ƙiftawar ido wanda tsofaffin fawa kan kashe kansu saboda shi. Wayar 12V-2x6 da ke kai wa katin wuta, mai ɗaukar wat 600, ka tabbata ka tura ta har ƙarshe sai ka ji ta ce ƙas, kar kuma ka lanƙwasa ta dab da bakin da ake jonawa, don in ba ta zauna sosai ba zafi ke taruwa a wurin har roba ta narke. Sannan kar ka kuskura ka ɗauko wayoyin tsohon fawa ka jona a sabo ko da bakin ya shiga, jerin wayoyin ciki ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, SSD ɗinka zai iya ƙonewa nan take.

Wajen sanyaya firosesa na zaɓi na iska mai hasumiya biyu. Na ruwa yana da kyan gani kuma yana aiki, sai dai yana da famfo da zai gaji wata rana, ruwan ma yana raguwa a hankali, shi kuwa na iska ƙarfe ne da fanka, in fanka ta mutu ka sauya ta shikenan. Kes na nemi mai raga a gaba don iska ta shiga, da matatar ƙura da ake zarewa a wanke, kuma sai da na gwada tsawon katin da faɗin kes ɗin a takarda kafin na biya, don katunan yanzu wasu sun haura santimita 33.

Ram, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi nan take, giga 32 na sa, DDR5-6000, sanda biyu ba huɗu ba saboda DDR5 ya fi zama lafiya da biyu, ka tuna ka kunna EXPO, saitin saurin ram, a BIOS in ba haka ba a ƙasa da saurinsa zai riƙa gudu. SSD kuma NVMe na PCIe 4.0 mai tera 2, na 5.0 ya ninka shi sauri a takarda amma a lodin gem da ƙyar za ka ji bambanci ga kuma zafi. Kuɗin da na rage a nan shi na ƙara a fawa da kes, na kuma bar ramin M.2 ɗaya a buɗe don ranar da gem za su cika wannan.