Kafin ka hau dutse da kyamara

Ƙannena masu son ɗaukar hoton namun daji, kuskuren da ya fi cinye mini lokaci shi ne bin dabba. Wanda ya bi kurege ko kazar dutse, jela kawai zai samu. Ka riga ta zuwa wurin. Da an idar da sallar asuba ka kama hanyar dutsen Kufena ko Tukur-Tukur a Zariya, ka jingina da dutse don kada siffarka ta fito a sarari, ka zauna minti 30 zuwa 40 ba motsi. Farar riga ka bar ta a gida, ka sa mai ruwan ƙasa ko ruwan toka. Hantsi na dubawa za ka ga jan gwada ya hau kan fā yana gyaɗa kai, hasbiya ta sauko. Daga ƙarfe 10 haske ya yi kaifi, kowa ya shige inuwa.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne rikicin rana da iska. Hoto na son rana a bayanka, kusantar dabba mai hanci kuma na son iska ta taso daga wajenta zuwa gare ka. To a lokacin hunturu iskar Zariya daga arewa maso gabas take busowa, rana ma daga gabas take fitowa. Ka ga da safe in ka ba rana baya, ka ba iska baya ke nan, ta kwashi warinka ta kai wa dabbar. Tsuntsu wannan bai dame shi ba, da ido yake tsaro, saboda haka safiya tasa ce. Dabbobi masu shayarwa kuwa, irin su rema inda ta rage, ka bari sai bayan la'asar: rana ta koma yamma tana bayanka, iska na dukan fuskarka. Alamar rema ba ta ɓuya, farin zane ne na fitsari a jikin dutse da tarin kashi a bakin kogo.

Hotunana da yawa sun lalace ne saboda na bar wa kyamara zaɓi. Tsuntsun da ke zaune, gudun shata, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa, mai tashi kamar shirwa 1/2000. Da sassafe ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, zuwa 800 ko 1600. Gara hoto mai ɗan tsakitsaki da wanda ya dishe. In tsuntsu na sama, hasken sararin yana ruɗin kyamara ta mai da shi baƙi wuluk, sai ka ƙara haske mataki ɗaya. Ka saita kan ido, ba fiffike ba. Lens, wato gilashin gaban kyamara, mai milimita 300 ya wadatar, amma ka ɗaura shi tun a ɗaki. Canza shi a kan dutse cikin ƙurar Janairu na barin ɗige-ɗige a kowane hoto. Mai waya kuma ya daina jan hoto da yatsa, fashewa yake yi.

Kada ka zura hannu ramin dutse ko ka zauna ba ka duba ba, nan kunama da kububuwa ke kwana. Takalmi rufaffe, ruwa lita biyu. Da damina dutse santsi gare shi, in hadari ya haɗo ka sauko. Ka gaida mai unguwa tukuna, ka tafi da ɗan gari, ka tambayi lafiyar wurin a ranar.

Sheƙa kuwa, don Allah ku ƙyale ta. Kana matsowa uwar za ta tashi, ƙwai ya zauna a rana, hankaka kuma na kallon inda ka tsaya. In ka sa hoto a Facebook, kada ka faɗi takamaiman wurin, masu danƙo ma suna karantawa.