Kafin mu kunna inji, sai mun san kwalliyar da za a yi wa alminiyum

Duk wanda ya shigo ɗan wurin aikinmu a Sharada da zanen abin da yake so a sassaƙa masa da alminiyum, tambayata ta farko ita ce: "Alhaji, in mun gama, me za a yi wa jikinsa?" Da yawa sukan ce in fara yankan tukuna, kwalliya ai daga baya ce. Ni kuwa ba na kunna inji sai mun daddale, domin kwalliyar tana taɓa awo.

Da tsada na koyi wannan. Mun taɓa yin gidajen boris, awo ya fita cif, muka aika aka yi musu anodayizin mai tauri. Da suka dawo, boris ya ƙi shiga. Shi anodayizin ba shafe ba ne. Ana tsoma ƙarfen cikin asid irin na ruwan batir, a sa masa lantarki, sai fatarsa ta rikiɗe ta yi tauri. Kusan rabin kaurin ciki yake nutsewa, rabi ya taso waje. Idan aka yi kaurin maikiron 50 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kowane gefe ya taso da 25, faɗin rami ya ragu da milimita 0.05 ke nan. Ido ba ya ganin haka, amma boris ya sani. Tun daga ranar, ko dai mu bar wa kaurin wurinsa tun a kan inji, ko a toshe ramin kafin a tsoma.

Irin ƙarfen ma abin dubawa ne. Alminiyum samfurin 6061 yana shan launi gwanin sha'awa in an yi masa anodayizin. Amma wanda aka zuba daga narkakkun tarkacen injin mota, sinadarin silikon ya yi masa yawa, sai ya fito toka-toka da dabbare-dabbare. Irin wannan nakan ba da shawarar fentin hoda, wanda ake fesawa a gasa a zafin digiri 180 zuwa 200. Yana rufe aibi, sai dai ya fi kauri, in ba a rufe tiredi ba, wato zaren da noti ke bi, noti ba zai ɗauru ba.

In kuma so ake a ɓatar da sawun haƙorin inji kawai, feshin ƙwayoyin gilashi ya wadatar.

Masu haɗa akwatunan kayan sola nake yawan yi wa tuni cewa wutar lantarki ba ta bi ta fatar anodayizin. Gurbin da wayar ƙasa, mai sauke wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, za ta zauna dole a bar shi tsirara.

Yarana kuwa, doka ɗaya ce ba na sassautawa: buroshin waya da ya taɓa baƙin ƙarfe ba ya kusantar alminiyum. Ɓurɓushinsa kan maƙale, damina na zuwa sai ɗigon tsatsa ya bayyana, mai kaya ya dawo yana cewa jabu muka sayar masa. Shi ya sa na shafa wa ƙotar buroshin alminiyum jan fenti, na rataye shi a ƙusarsa daban.