Lahadin masu bishara da rigimar sefa

Lahadi da dare, Gombe.

Yau aka rufe makon addu'a domin masu bishara a cocinmu, kuma da yake ni ce ma'ajin zumuntar mata tun safe ban ga wurin zama ba, ga ƙirgar baiko ga rubuta sunayen masu alkawari ga yara suna ta jan zanina. Sujada kam ta yi daɗi, mata sun buga tulu har sai da Mama Fasto ta miƙe ta taka.

Wani tsohon malami ɗan Kaltungo ne ya yi wa'azi, irin tsofaffin nan da in sun kama tarihi sai an miƙa musu takarda. Ya faro daga 1893 lokacin da turawan mishan Bingham da Gowans da Kent suka sauka Legas, shekara na zagayowa biyu suka mutu, Bingham kaɗai ya koma gida. Ya gangaro 1917 da John Hall da Beacham suka iso ƙasar Tangale. Wai kakarsa ta gan su da idonta. Abin da ya fi tsaya min shi ne da ya ce tun 1948 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyar aika masu bishara ta kansu, wadda yanzu muke kira EMS, kafin ma a kafa cocin ECWA a 1954, kuma manoma ne da mata masu sayar da ƙosai suka riƙe ta da kwabo da kwanon dawa. Ya karanta Filibiyawa 4, inda Bulus yake gode musu don sun aika masa taimako yana Tasalonika, ya ce mu lura fa, ba sau ɗaya suka aika suka share hannu ba.

Bayan nan aka kara waya a makirfo aka sa mana saƙon murya daga mai bisharar da cocinmu ke tallafa wa a Nijar, can wani ƙauye a jihar Maraɗi. Shi mutumin nan ba ya roƙo, gaisuwa ce kawai har kusan minti uku, ya gaida Baba Rabaran ya gaida dattawa ya gaida uwar zumunta ya gaida matasa. Sai can ƙarshe ya ce ajin yaƙi da jahilci da matarsa ke yi ya cika har ana zama a waje, ya ce igiyar rijiya ta tsinke sun ƙulla, ya ce ranar Talata ya raka wani yaro asibitin Danja a kan amalanke. Ana jin jaki yana kuka a bayansa, yara suka fashe da dariya. Ni kam muryarsa na saurara, ta dushe sosai.

Daga nan aka shiga alkawura. Kun dai san yadda muke yi, a kira suna a tafa, wani ya ce dubu ɗari wani ya ce ni na ninka, mai jita yana ta zuba kiɗa. Ba na raina kowa, amma littafin a hannuna yake, na san alkawuran bara da har yau ko sisi ba su haifa ba. Wata tsohuwa da ke sayar da daddawa ita ba ta taɓa fita gaba ba, amma duk farkon wata sai ta neme ni ta kwance bakin zani ta ba ni nata, duk sun yamutse suna ƙanshin daddawa, ta tsaya sai ta ga na rubuta.

Rigimar sai da muka zauna kwamiti bayan an tashi. Wani dattijonmu ya kawo shawara a haɗa kuɗin yau duka a sayi babur sabo dal, a ɗaura masa kyalle a shigo da shi gaban bagade a yi addu'a a ɗauki hoto, sannan a aika. Kowa ya ce madalla. Na ɗaga hannu na ce Baba a yi min haƙuri, babur abu ne mai kyau kuma yana bukatarsa, amma da me zai zuba mai? Ya ce 'yata ai muna aika masa Naira 50,000 duk wata. Na ce haka ne Baba, tun kafin 2023 muka yanka wannan kuɗin kuma ba mu taɓa ƙara ko kwabo ba, lokacin dala tana wajen 460 a banki, a 2024 ta haura 1,500. Ita kuma sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta faɗi tare da mu ba. Ma'ana abin da ke isa hannunsa yanzu kusan kashi ɗaya cikin uku ne na da, mu nan muna ganin lambar ba ta canza ba muna barci da daɗi, shi can mudun hatsi ne yake raguwa.

Ga kuma wahalar aikawa. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024 da aka buɗe, buhun masara da waken da muka saba sa wa a mota ta Kano da Jibiya tsayawa suka yi cak. Yanzu wani ɗan kasuwa muke tura wa naira a Kano, ɗan'uwansa ya ba da sefa a Maraɗi, kowa ya cire ladansa. Makaranta kuma can da Faransanci ake yi, shi ya sa babbar 'yarsu tana Billiri wajen kakarta, kuma kuɗin makarantarta daga cikin wannan dubu hamsin ɗin dai yake fita. Wannan ma yawancin 'yan kwamiti yau suka fara ji.

Wani matashi ya ce to me ya kai mu wata ƙasa alhali ga ƙauyuka nan bayan Dukku da Nafada ba su da ko rijiyar kirki. Tambayar ba laifi ba ce, ni ma nakan yi ta a zuciya wani lokaci. Uwar zumunta ce ta ba shi amsa, ta ce ɗana mu muka ɗora wa mutumin nan hannu muka ce je ka, in za mu dawo da shi mu zauna mu faɗa masa a fili, amma ba a tura mutum cikin rijiya a saki igiya. Ɗakin ya yi tsit, har Baba dattijo ya gyara hula.

An dai ja har wajen ƙarfe uku, cikina na ta ƙugi. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa daga wata mai zuwa da sefa za a riƙa lissafa tallafin, duk yadda naira ta yi mu ne za mu cike, kuma a raba nauyin gida gida kowa ya faɗi abin da zai iya duk wata ko ɗari biyar ce, ba kiran suna ba tafi. Za a kuma sa mutum biyu su riƙa kiransa a waya, don ya taɓa gaya wa Mama Fasto kaɗaici ya fi yunwa damunsu. Babur kuma Baba bai haƙura ba, ya ce shi da 'ya'yansa za su ɗauki rabi in matasa za su kawo rabi kafin Kirsimeti, ni kuma na ce a rubuta kuɗin mai a gefe tun yanzu, aka yi dariya amma magatakarda ya rubuta.

Na dawo gida ba wuta, maigida ya riga ya ɗumama wa yara tuwon jiya, Allah ya sa masa albarka. Gobe sai na biya banki kafin na buɗe shago, sannan na kira mutumin Kano na ji nawa sefa ta kwana.