Daren da muka ɗauki labarin rijiya

Alhamis. Sai bayan isha'i muka samu muka fara ɗaukar sautin labarinmu na tsoro, don kafin nan ƙarar janareton maƙwabta ba ta barin waya ta kama murya da kyau. Ni da ƙanena muka shige ƙuryar ɗakin Inna, muka rataya barguna a bango kada murya ta riƙa amsa-kuwwa. Labarin wannan makon na wata amarya ce da aka kai wani tsohon gida a gindin Dutsen Dala, kullum tsakar dare tana jin ana jan guga a rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Jan gugan ne ya ci mana lokaci. Igiya muka riƙa ja a hankali a jikin taɓarya, ƙanena yana ɗiga ruwa cikin bokitin ƙarfe. Da na saka abin ji a kunne, sai da tsigar jikina ta tashi, alhali ni na riƙe igiyar. Na hana a saka ihu ko dariyar nan ta "hahaha" da ta cika labaran tsoro a YouTube. Idan igiya ta tsaya aka yi tsit, mai sauraro da kansa zai ƙarasa abin da ke cikin rijiyar.

A kan ƙarshen labarin muka yi gardama. Ƙanena so yake a gano cewa tsohuwar gidan mayya ce, ita ta kama kurwar amarya. "Yaya, wallahi abin da mutane ke so ke nan," in ji shi. Na ce ban yarda ba. Zargin maita ba a labari yake tsayawa ba. Har gobe yaro kan yi zazzaɓi ya ambaci sunan wata tsohuwa cikin sambatu, a taru a kanta, a tilasta mata ta tsallake shi, wani lokacin har da duka. Galibi marasa gata ake yi wa haka. Ba zan ba da muryata a ƙara wa wannan wuta itace ba. Aljanu kuwa akwai su, ga sura ta 72 da sunansu a Alƙur'ani, kuma ba kakar kowa da za a daka saboda su.

Inna ce ta raba mu, ashe tana jinmu daga tsakar gida. Ta ce, "Ku sa amaryar ta watsa ruwan zafi a bakin rijiyar da magariba ba bismillah, shi ke nan kun sami dalili." Nan take na sake rubuta shafin ƙarshe, tsohuwar ta zama wadda ta zauna da amaryar tana karanta mata Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi har asuba.

Gobe in sha Allah zan tace sautin a Audacity, manhajar gyaran sauti, akwai kukan zakara da ya shigo a tsakiya. Muryar tsohuwar ma ba ta fito ba, tawa ta yi ƙuruciya. Zan roƙi Inna ta karanta mana wurin da bakinta.